Inshorar Agajin Mota a Birtaniya: Abin da Ya Kamata Ka Sani Kafin Ka Biya

Idan ka sayi mota a Birtaniya, ko kana shirin saye, akwai tambayar da babu makawa sai ka ci karo da ita. Ranar da kake cike takardun inshora a intanet, kafin ka kai wurin biya, za a tambaye ka ko kana son a haɗa maka da tsarin agaji idan motar ta lalace a hanya. Banki ma zai yi maka tallarsa, haka shi ma dilan da ya sayar maka da motar. Da yawa daga cikin waɗanda karatu ko aiki ya kai su can sukan amince ba tare da sanin abin da suka saya ba. Wasu kuma su ƙi, su ce ai wata hanyar tatsar kuɗi ce kawai. Kowanne daga cikin biyun yana iya jawo asara. Ga bayanin abin daki-daki, domin ka yanke hukunci da idonka a buɗe.

Mene ne wannan tsari?

Yarjejeniya ce tsakaninka da wani kamfani. Kai kana biyan kuɗi duk wata ko duk shekara. Shi kuma ya ɗauki alkawarin cewa duk lokacin da motarka ta tsaya maka, dare ko rana, zai turo maka makanike har inda kake. Idan gyaran na nan take ne, a yi shi a gefen hanya ka ci gaba da tafiyarka. Idan ya fi ƙarfin haka, a ja motar ko a ɗora ta a kan janwe zuwa gareji.

Ka riƙe abu ɗaya tun daga nan, domin shi ne mabuɗin duk sauran bayanin: kuɗin da kake biya na zuwan makanike ne da ɗaukar mota. Ba kuɗin gyara ba ne. Idan injin ya buga, kamfanin zai kai ka gareji, amma kai za ka biya mai garejin. Wanda bai fahimci haka ba shi ne yake yin fushi daga baya, ya ce an yaudare shi.

Ashe ba shi ne inshorar mota ba?

A'a, abu biyu ne daban. Inshorar mota tana aiki ne idan an yi hatsari, ko an sace motar, ko ta kama wuta, gwargwadon irin wadda ka saya. Mafi ƙanƙantarta, wato wadda ke biyan ɓarnar da ka yi wa wani, doka ce ta wajabta ta a Birtaniya, kuma tuƙi ba tare da ita ba laifi ne da ke jawo tara da maki a kan lasisi, har ma a kama motar.

Shi kuwa agajin hanya yana aiki ne idan babu wanda ya buge ka, kai ma ba ka bugi kowa ba, motar ce kawai ta ƙi. Batir ya mutu, taya ta yi faci, kulochi ya ƙone, inji ya yi zafi, ko mai ya ƙare. Doka ba ta wajabta shi ba. Babu ɗan sandan da zai tambaye ka takardarsa. Ganin dama ne, shi ya sa tambayar ko ya cancanci kuɗinsa take da muhimmanci.

Ko da cikakkiyar inshora ka saya, kada ka ɗauka agajin hanya yana ciki. Wani lokaci yana ciki, sau da yawa kuma ba ya ciki sai ka ƙara kuɗi. Takardar yarjejeniyarka ce kawai za ta faɗa maka gaskiya.

Su wane ne ke sayar da shi?

Sunaye uku ne suka fi shahara. RAC ta samo asali ne daga wata ƙungiyar masu motoci da aka kafa a 1897, kuma ana gane motocin agajinta da launin ruwan lemo. AA an kafa ta a 1905, motocinta ruwan ɗorawa ne. Green Flag ta fara a 1971 a garin Bradford da wani suna daban, ta ɗauki sunanta na yanzu a 1994.

AA da RAC suna da dubban makanikai nasu na kansu da ke sintiri a tituna. Green Flag da akasarin ƙananan kamfanoni kuwa sun fi dogara da garejoji da masu janwe na kowane yanki, waɗanda suka ƙulla yarjejeniya da su. Idan ka kira, sai su tura maka wanda ya fi kusa. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa kuɗin ƙananan kamfanoni ya fi sauƙi, domin ba su ɗauki nauyin albashin makanikai da sayen motocin sintiri ba.

Ba Birtaniya kaɗai ke da irin wannan ba. A Amurka akwai AAA tun 1902, a Jamus akwai ADAC tun 1903. Ƙa'idojinsu da kuɗinsu sun bambanta, amma tushen abin ɗaya ne.

Yaya abin yake gudana ranar da mota ta tsaya?

Za ka kira lambar kamfanin, ko ka shigar da buƙatarka ta manhajarsu a waya. Za su tambaye ka lambar mota, da inda kake, da abin da ka ga motar ta yi, da mutanen da ke tare da kai. Ka faɗi gaskiya idan akwai ƙananan yara, ko mai juna biyu, ko marar lafiya, ko kuma motar ta tsaya a wuri mai haɗari, domin irin waɗannan kan sa a gaggauta zuwa wurinka.

Daga nan sai jira. Tsawonsa ya danganta da wuri, da lokaci, da yanayi. A tsakiyar gari da rana yana iya zama gajere. A ƙauye da dare, ko ranar da dusar ƙanƙara ta zuba kowa yana kira, kana iya shafe sa'o'i. Lokacin da kamfanoni ke tallatawa matsakaici ne, ba alkawari ba ne.

AA da RAC dukkansu suna cewa makanikansu na gyara kusan mota 4 cikin kowace 5 a inda ta tsaya. Wannan ba abin mamaki ba ne idan ka san abin da ya fi tsayar da motoci. Batir ne kan gaba, musamman lokacin hunturu, domin sanyi yana rage masa ƙarfi, gajerun tafiye-tafiye na cikin gari kuma ba sa ba shi damar cika. Sai matsalar taya, wadda ta ƙara tsanani saboda sababbin motoci da yawa ba sa zuwa da safaya, sai wani ɗan ruwan liƙe huda da famfo, waɗanda ba sa amfani idan gefen tayar ne ya yage.

Matakai nawa ne, kuma wanne ya dace da kai?

Kamfanoni suna sayar da shi ne hawa-hawa, kowane hawa da ƙarin kuɗinsa.

Na farko shi ne agaji a gefen hanya. Makanike zai zo, idan ya kasa gyarawa a kai ka gareji mafi kusa, yawanci tafiyar da ba ta wuce mil 10 ba, wato kimanin kilomita 16. Amma akwai sharaɗin da ke ba mutane mamaki: sai motar ta yi nisa da gidanka, galibi fiye da rubu'in mil, wato kimanin mita 400. Idan a ƙofar gida ta ƙi tashi, wannan hawan bai shafe ka ba.

Na biyu shi ne agaji a gida, wanda ke toshe wancan giɓin. Ka yi tunani a kan lokacin da batir ya fi mutuwa. Da safe ne, bayan motar ta kwana cikin sanyi, ko bayan ta yi makonni a ajiye. Idan kai mai zuwa gida hutu ne kana barin mota wata guda a ƙofar gida, wannan hawan naka ne.

Na uku shi ne ɗauka zuwa ko'ina a cikin ƙasar. Idan gyaran bai yiwu ba, za a ɗauke ka da motarka da fasinjojinka zuwa gidanka ko garejin da ka zaɓa, kome nisansa. Ka ɗauka kana zaune a Manchester, motar ta mutu a kusa da Landan, tazarar kimanin mil 200. Da hawa na farko kaɗai, za a sauke motar a wani garejin da ba ka sani ba, kai kuma ka nemi hanyar komawa gida, sa'annan ka sake dawowa ɗaukarta. Da hawa na uku kuwa, a ƙofar makaniken da ka saba da shi za a ajiye ta.

Na huɗu shi ne ci gaba da tafiya. Kamfanin zai ba ka motar haya na 'yan kwanaki, ko ya biya kuɗin jirgin ƙasa, ko kwanan otal, har zuwa wani adadi da aka ƙayyade. Motar hayar tana da nata sharuɗɗan, kamar shekarun direba da irin lasisinsa, saboda haka ka duba su tun kafin ka dogara da ita.

Na biyar shi ne na ƙasashen Turai, ga mai tsallakawa da motarsa. Ana iya sayensa don tafiya ɗaya ko na shekara. Idan sau ɗaya kake fita a shekara, na tafiya ɗaya ya ishe ka. Ka sani kuma a manyan titunan Faransa da ake biyan kuɗin bi, masu janwen da hukuma ta amince da su ne kaɗai ke da izinin ɗaukar mota. Sau da yawa kai za ka biya su, daga baya kamfaninka ya mayar maka, don haka ka adana rasit.

Motar ake yi wa rajista, ko mutumin?

Duka biyun ana yi, kuma zaɓin yana shafar aljihunka. Idan motar aka yi wa, duk wanda ke tuƙa ta bisa ƙa'ida zai samu agaji, ko kai ne, ko mai ɗakinka, ko ɗanka. Wannan ya fi sauƙin kuɗi, ya kuma fi dacewa da gidan da ke da mota ɗaya da direbobi biyu ko uku.

Idan kai aka yi wa, agajin yana bin ka duk motar da ka shiga, ko kai ke tuƙi ko fasinja kake, muddin motar ta cika sharuɗɗan kamfanin. Ya fi tsada, amma ya fi amfani ga mai tuƙa motoci daban-daban. Dole ne kuma ka kasance tare da motar lokacin da ta lalace. Ba za ka kira daga ofis ka ce a je a taimaki abokinka ba.

Me ba ya ciki?

A nan ne ya kamata ka fi nutsuwa, domin a nan ake samun yawancin saɓani.

Kayan gyara ba sa ciki. Idan makaniken ya ce batir ya mutu murus, zai iya sa maka sabo nan take, amma kai za ka biya kuɗinsa. Wasu kamfanoni suna sayar da ƙarin tsari na kayan gyara da aikin gareji, mai iyakar kuɗi da jerin abubuwan da aka cire.

Matsalar da motar ke da ita tun kafin ka shiga tsarin ba ta ciki. Haka nan idan an zo an tayar maka da motar an ce ka kai ta gareji, ka ƙi kaiwa, matsalar ta dawo cikin 'yan makonni, kamfanin yana da damar ƙin zuwa ko ya caje ka.

Dole motar ta kasance da lafiyar hawa titi: an biya harajinta, tana da inshora, tana kuma da takardar gwajin lafiyar mota da ake kira MOT, wadda ake yi duk shekara ga motar da ta kai shekara 3 a Ingila da Wales da Scotland. Idan ɗaya ya ƙare, ana iya ƙin taimaka maka.

Akwai kuma iyakar nauyi da girma, galibi tan 3.5. Wasu tsare-tsaren suna ƙayyade yawan kiran da za ka yi a shekara, wasu suna da iyakar tsufan mota, wasu kuma suna karɓar wani ɗan kuɗi a kowane kira. Zuba fetur a motar dizal ko dizal a motar fetur, da ɓatar da makulli, wasu suna haɗawa, wasu sai da ƙarin kuɗi.

Sai wani mai muhimmanci ga masu neman na kansu da mota. Idan kana aikin tasi, ko Uber, ko kai saƙo da abinci, tsarin da aka yi don motar gida sau da yawa ba ya ɗaukar wannan. Ka faɗa musu aikin da kake yi tun farko. Ɓoyewa na iya sa ka biya kuɗin shekara guda, ranar buƙata kuma a ce ba ka cikin lissafi.

Nawa ne kuɗinsa, kuma nawa ne rashinsa?

Farashi yana canzawa, ya kuma danganta da kamfani da hawan da ka zaɓa. A dunƙule, hawa na farko a wurin ƙananan kamfanoni 'yan gomomin fam ne a shekara. Idan ka haɗa agaji a gida da ɗauka zuwa ko'ina da motar haya a wurin manyan kamfanoni, abin kan haura fam 100, wani lokaci ya ninka haka idan an sabunta ba tare da ciniki ba.

To, idan ba ka da shi fa? Hanya uku ce a gabanka. Ka kira mai janwe mai zaman kansa, wanda zai caje ka kuɗin fitowa, sa'annan kuɗin kowane mil, da ƙari idan dare ne ko ranar hutu. Tafiya mai nisa tana iya cin ɗaruruwan fam. Ko ka kira ɗaya daga cikin kamfanonin ka shiga tsarinsu nan take a gefen hanya. Suna karɓa, amma da ƙarin kuɗin gaggawa mai nauyi, kuma wasu hawa-hawan ba sa fara aiki sai bayan sa'o'i 24 ko fiye. Ko kuma, idan a babban titi ne motar ta tare hanya ko ta daɗe, hukuma ta sa a ɗauke ta. A Ingila da Wales, tun daga watan Afrilun 2023, kuɗin wannan ɗauka ga ƙaramar motar da ba ta yi mummunar lalacewa ba fam 192 ne, da fam 26 na ajiya kowace rana. Ba gidanka za a kai ta ba, ba kuma gyara ta za a yi ba.

Ga lissafi mai sauƙi, a matsayin misali kawai. Ka ɗauka kana biyan fam 60 a shekara. A shekara 5 ka biya fam 300. Idan a tsawon wannan lokaci sau ɗaya tak ka buƙaci a ɗauko ka daga nesa, kusan ka mayar da kuɗinka. Idan sau biyu ne, ka ci riba. Idan motar ba ta taɓa tsayawa ba, ka biya fam 300 ne don kwanciyar hankali. Kai ka san motarka, ka san tafiye-tafiyenka, ka kuma san ko aljihunka zai iya ɗaukar kuɗin bazata rana ɗaya. Amsar tana cikin waɗannan ukun.

Ko dai kana da shi ba ka sani ba?

Kafin ka fitar da ko sisi, ka duba wurare uku. Na ɗaya, takardar inshorar motarka, domin wataƙila an haɗa maka tun farko. Na biyu, asusun bankinka. Wasu bankuna suna da asusun da ake biyan kuɗi duk wata, wanda ke zuwa da agajin mota da inshorar tafiya da ta waya. Na uku, takardun motar kanta. Sababbin motoci kan zo da agaji kyauta daga kamfanin da ya ƙera su na shekara ɗaya ko fiye, wasu ma suna sabunta shi duk lokacin da ka kai motar sabis a wurin dilansu.

Mutane da yawa suna biya sau biyu a kan abu ɗaya. Idan ka tarar kana da shi, ka duba wane hawa ne. Mai yiwuwa na farko ne kawai, ƙara masa abin da ya rage kuma ya fi sayen sabo sauƙi.

Wa ya fi buƙatarsa, wa zai iya haƙura?

Ya cancanci kuɗinsa idan motarka ta kwana biyu ko ta ci tafiya mai yawa, domin tsufa na ƙara yawan tsayawa. Haka idan kana yawan hawa babban titi, ko kana ziyarar 'yan uwa a wasu garuruwa. Haka idan aikinka na dare ne ko na asuba, kamar masu jinya da masu kula da tsofaffi, waɗanda motar haya ba ta samuwa a lokacin fitarsu. Haka idan kana ɗaukar yara, ko kai sabon zuwa ne ba ka san wanda za ka kira ba. Mai mota mai lantarki ma ya duba da kyau, domin yawancin irin waɗannan motoci ba a jan su da tayoyi a ƙasa, sai an ɗora su gaba ɗaya.

Kana iya haƙura, ko ka tsaya a hawa mafi ƙanƙanta, idan motarka sabuwa ce da ke ƙarƙashin agajin kamfaninta, ko tafiyarka ba ta wuce cikin unguwa zuwa kasuwa, kana da makanike kusa, kana kuma da ɗan abin da ka ajiye don irin wannan rana.

Ina matsayin addini?

Tambaya ce da masu karatu da yawa za su yi. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya da ke Jidda ta yanke a 1985 cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta ba saboda rashin tabbas da ke cikinta, ta kuma amince da inshorar taimakekeniya, wadda ake kira takaful. Game da agajin hanya, malamai sun kalle shi ta fuska biyu. Wasu sun sa shi a sahun inshora, tunda kana biya ne ba ka san ko za ka amfana ba. Wasu kuma suna ganinsa a matsayin kuɗin hidima, tunda aiki ake yi maka, ba diyya ake ba ka ba. Ka kai takardar yarjejeniyar ga malamin da ka amince da iliminsa, ya duba abin da ta ƙunsa.

Yaya za ka rage kuɗin?

Babban tarkon shi ne sabuntawa. Kamfanoni kan jawo sabon mai saye da farashi mai sauƙi, shekara ta biyu kuma kuɗin ya tashi, a cire shi kai tsaye daga asusunka idan ba ka hana ba. Ka rubuta ranar ƙarewa a wayarka. Idan wasiƙar sabuntawa ta zo, ka kwatanta farashin da na wasu kamfanoni, sa'annan ka kira naka ka gaya musu abin da ka samu a waje. Sau da yawa sukan rage. Idan sun ƙi, ka koma wani.

Biyan shekara gaba ɗaya yakan fi biyan wata-wata sauƙi. Wajen kwatantawa kuma, ka tabbata hawa ɗaya kake aunawa, domin arha ba ta ado idan ranar buƙata aka ce maka wannan ba ya ciki. Akwai ma irin tsarin da kai za ka fara biyan mai janwe, daga baya a mayar maka. Yana da sauƙin kuɗi, amma sai kana da abin biya a hannu.

Idan ka saya ka canza shawara, kana da kwana 14 na sokewa, ko da yake ana iya cire wani abu idan ka riga ka yi amfani da shi. Idan kuma kana da ƙorafi, ka fara rubuta wa kamfanin. Idan mako 8 ya wuce ba a warware ba, ko amsarsu ba ta gamsar da kai ba, kana iya kai ƙara ofishin sasanta rikicin harkokin kuɗi na ƙasar, kuma kyauta ne.

Me za ka yi idan ta tsaya a babban titi?

Ko kana da rajista ko ba ka da ita, ranka ne farko. Ka kunna fitilun gargaɗi, ka matsa hagu zuwa gefen titi ko wurin tsayawar gaggawa. Kowa ya fita ta ƙofar hagu, ku tsallaka bayan shingen ƙarfe, ku yi nesa da motar. Kada ka yi ƙoƙarin gyara, ko da canza taya ne, kada kuma ka ajiye alamar gargaɗi mai kusurwa uku, domin dokar hanya ta hana hakan a babban titi. Wasu manyan titunan Ingila ba su da gefen tsayawa sam. Idan motar ta mutu a tsakiyar layi ba za ka iya fita lafiya ba, ka bar bel a ɗaure, fitilu a kunne, ka kira 999 nan take. Sai bayan haka ka kira kamfaninka.

A Najeriya fa?

Abin da doka ta wajabta a Najeriya shi ma inshorar ɓarnar da ka yi wa wani ce. Tun 1 ga Janairun 2023, hukumar kula da inshora ta NAICOM ta mayar da kuɗinta naira 15,000 ga motar gida, tana biyan ɓarnar dukiya har naira miliyan 3. Amma ba ruwanta da motar da ta mutu a hanya. Idan kana da cikakkiyar inshora ko takaful, ka tambayi kamfanin ko akwai kuɗin janwe a ciki, nawa ne iyakarsa, kuma bayan hatsari ne kawai ko har da lalacewa. Idan wani ya yi maka tallar tsarin agaji, ka tambaye shi garuruwan da yake da masu janwe, domin alkawarin da ya tsaya a Legas da Abuja ba zai amfane ka tsakanin Gusau da Sakkwato ba.

Ga yawancin direbobi a gida, agajin shi ne lambar makanike da ta riwaya da ta mai janwe a waya, da safaya mai iska, da jak, da alamar gargaɗi, da abin kashe gobara. Lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa kuma ita ce 122.

To, ya cancanci kuɗinsa?

Ga mai tsohuwar mota a Birtaniya da ke fita wajen gari ko yake dogara da ita wajen zuwa aiki, amsar ita ce e. Abin da ya fi dacewa da yawancin mutane shi ne agaji a hanya, haɗe da agaji a gida da ɗauka zuwa ko'ina a ƙasar. Motar haya da tsarin Turai kuwa, sai wanda ya san zai buƙace su. Ga mai sabuwar mota, ko wanda bankinsa ya riga ya ba shi, sayen wani ɓarnar kuɗi ce.

Saboda haka, ka fara duba takardun inshorarka da na bankinka da na motarka. Idan babu, ka kwatanta farashin kamfanoni aƙalla uku a kan hawa iri ɗaya, ka karanta jerin abubuwan da aka cire kafin ka biya, kada kuma ka bari a sabunta maka shekara mai zuwa ba tare da ka yi ciniki ba.